Tsaron Numfashi da Iyakar Amfaninsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ara mana numfashi ba da jinga ba, yana shigar da shi yana fitar da shi muna barci muna farke, ba mu saya ba, ba mu roƙa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, ni bawa mai rauni, mai yawan laifi, mai kwaɗayin gafarar Ubangijinsa, ina cewa: wani daga cikin 'yan'uwa ya tsaya bayan sallar lisha, da mutane suka watse sai ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, likita ya umarce ni in riƙa jan numfashi mai zurfi saboda hawan jini da faɗuwar gaba. Na yi, na kuwa sami sauƙi, har na ji wata natsuwa wadda ban taɓa jin irinta ba cikin wuridina na shekara 10. Abin ya ba ni tsoro. In wannan natsuwa ita ce wadda mutanen Allah ke nema, ina amfanin mujahada da tsayuwar dare, tun da ga ta nan a bakin hanci? In kuwa ba ita ba ce, mece ce ita, kuma ya halatta in dogara da ita?"

Na ba shi gajeren jawabi a daren nan, zuciyata ba ta gamsu da shi ba, domin tambayar ta taɓa wani miki nawa. Saboda haka na rubuta waɗannan 'yan warƙoƙi. Da Allah nake neman taimako.

Fasali na farko, cikin sanin numfashi

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah ya yi mana muwafaƙa da ni da kai, baligi mai lafiya in yana zaune yana numfasawa sau 12 zuwa 20 a cikin minti guda. In ka ɗauki 15 ka lissafa dare da rana, za ka sami 21,600. Kowane ɗaya yana ɗauke da iska kamar rabin lita, cikin ƙaramar moɗa ke nan. Iskar tana shiga 'yan jakunkuna na huhu waɗanda yawansu ya haura miliyan 300, a nan jini ke karɓar iskar oksijin ya sauke iskar kabon. Malamin nan likita, Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira shekara ta 687 bayan Hijira, watau 1288, ya riga ya bayyana cewa jini yana fita daga ɓangaren dama na zuciya ya ratsa huhu ya gauraya da iska kāna ya koma ɓangaren hagu.

Abin lura shi ne wannan. Bugun zuciya ba ya jin umarninka, narkewar tuwo a cikinka ba ta jin umarninka. Ɗaga hannu kuwa ba ya yiwuwa sai ka nufa. Numfashi shi ne ya tsaya a tsakani: in ka mance da shi yana tafiya da kansa, in ka tuna da shi sai ya miƙa maka wuya. Shi ne ƙofar da aka bari a buɗe tsakanin abin da bawa ke iko da shi a jikinsa da abin da ba ya iko da shi.

Likitoci sun gano yadda ƙofar take aiki. Akwai wata jijiya, ita ce ta 10 cikin jijiyoyi 12 masu fitowa daga ƙwaƙwalwa, tana gangarowa ta wuya ta isa zuciya da huhu da hanji, aikinta ga zuciya shi ne ja mata linzami. Sa'ad da ka shaƙi iska linzamin yana sassautawa, zuciya ta ɗan ƙara sauri. Sa'ad da ka fitar linzamin yana ƙarfafa, ta ɗan rage. Aza yatsa a kan jijiyar wuyan hannunka ka numfasa a hankali, watakila ka ji abin da kanka, musamman in kana da sauran ƙuruciya. To in fushi ko tsoro ya taso, wasu ƙullutai 2 da ke kan ƙoda suna zuba wani ruwa cikin jini, ana ce masa adirinalin, sai zuciya ta yi ta dukan uku-uku, numfashi ya gajarce ya koma saman ƙirji. Wanda ya tsawaita fitar numfashi a wannan hali yana taimakon jijiyar nan ta ja linzami. Hausawa sun ga wannan tun ba su san jijiya ba, suka ce mai fushi yana huci, in ya sauko kuma suka ce ya huce.

Fasali na biyu, cikin abin da magabata suka ce

Kalmar numfashi da kalmar rai mai umarni da mugunta haruffansu ɗaya ne a Larabci: nun da fa da sin. In ka sa wa fa wasali bisa ka ce nafas, in ka ɗaure ta ka ce nafs. Mutanen tafarki ba su wuce wannan kusanci ba tare da lura ba. Imam Ƙushairi, wanda ya rasu 465, watau 1072, ya lissafa numfashi cikin kalmomin da sufaye ke amfani da su a Risalarsa. Imam Gazali, wanda ya rasu 505, watau 1111, ya kamanta kowane numfashi na rayuwa da jauhari mai tsada wanda ba shi da madadi, a babin muraƙaba da muhasaba na Ihya'u. Shaihunan Naƙshabandiyya na ƙasar Buhara sun gina tafarkinsu a kan ƙa'idodi 11: 8 daga Shaihu Abdulhaliƙ Gujduwani, 3 daga Shaihu Baha'uddini wanda ya rasu 791, watau 1389. Ta farkonsu duka ita ce farkawa a cikin numfashi, kada ya shiga ko ya fita bawa yana cikin gafala. A ƙasarmu ma zikirin anfasu sananne ne a zawiyoyin Ƙadiriyya na Kano.

Amma ka lura da abin da suke tsaro. Likita yana duban tsawon numfashi da zurfinsa. Su kuwa suna duban abin da numfashin ya ɗauka ya fita da shi, ambato ko giba, godiya ko ƙorafi. Waɗannan tambayoyi biyu ne a kan abu ɗaya, kuma rikicewar ɗan'uwanmu ta zo ne daga haɗa su.

Game da halaccin neman sauƙin zuciya ta hanyar jiki, babu wahala a cikinsa. Ya zo cikin hadisai an umarci mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, ya yi alwala. An hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi. Wanda ya karanta Ahalari ya san natsuwar gaɓoɓi tana cikin farillan salla. Duk wannan shiga ne ga zuciya ta ƙofar jiki. Riƙon sababi ba ya warware tawakkali, kamar yadda shan magani ba ya warware shi.

Fasali na uku, cikin abin da ya same ni

Ba don in tona asirin kaina nake faɗar wannan ba, sai don wani ya tsira da abin da ni ban tsira da shi ba.

Da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka zauna rabon gona tsakanina da ƙanena a zauren gidanmu, a gaban dattawa. Ni a lokacin na yi shekaru ina riƙe da wuridi, ina da almajirai, mutane suna durƙusa mini. Ana cikin magana sai ƙanena ya ce, "Yaya, kai da kake karatu a birni, wa ya noma gonar nan shekara 15?" Gaskiya ya faɗa. Amma ya faɗe ta a gaban mutane. Na ji jini ya hau mini ka, ƙirjina ya cika, kafin in san inda nake na rantse ba zan ƙara taka ƙofar gidansa ba. Na tashi na kaɗe riga na fita.

Bayan kwanaki na je gaida malamina, Allah ya haskaka kabarinsa, na kwashe labari na gaya masa ina jiran ya ba ni gaskiya. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, tsakanin maganarsa da rantsuwarka numfashi nawa ka yi?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ko ɗaya ban yi ba." Ya ce, "To a nan ka yi hasara. Je ka koyi ajiye numfashi 3 tsakanin kunnenka da harshenka."

Na koya, na kuwa ƙware. Almajiri ya yi mini laifi, in ja numfashi in sauke kafin in ɗaga bulala, sau da yawa sai in ga bulalar ba ta da aiki. Iyalina suka shaida canjin. Barcina ya gyaru, ciwon kan da ke damuna da la'asar ya ragu. Na zaci na zama mai haƙuri.

Sai wata rana aka yi rasuwa a unguwa, muka haɗu da ƙanena a maƙabarta, tsakaninmu bai fi taku 5 ba. Na ji gabana ya faɗi. Na ja numfashi a hankali, na sauke a hankali, har zuciyata ta kwanta lumui. Sa'an nan na wuce shi da sakakkiyar fuska ban yi masa sallama ba. Na koma gida ina jin daɗin yadda na mallaki kaina.

Da na ba malamina wannan labari sai ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Da can fushi ne ya yanke zumuncinka, kana da ɗan uzuri. Yau kai ka yanke shi da hankalinka kwance. Na ba ka linzami don ka juyo da dokin gida, kai kuwa ka gyara zama a kansa ka ci gaba da tafiya daji."

Gabar nan ta kai shekara 3, alhali shari'a ba ta yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3 ba. Na zauna na yi lissafi, numfashin da na yi a cikinta ya haura miliyan 23, kowane ɗaya ya fita yana ɗauke da yanke zumunci, har waɗanda na yi a cikin sujada. Na yi kaffarar rantsuwata, na tafi ƙofar gidansa bayan sallar asuba. A nan ne numfashi ya yi mini aikinsa na gaskiya, domin ƙafafuna suna rawa, raina yana ce mini koma, kai ne babba. Na tsaya na sauke numfashi 3, na yi sallama. Ya fito ya ce, "Yaya, kai ne?" Ya shimfiɗa mini tabarma. Wani yaro ya leƙo daga cikin gida ya ɓuya a bayan ubansa, bai san ni ba, an haife shi ne a cikin shekarun nan. Ƙanena ya yafe mini, Allah ya saka masa da alheri. Shekarun kuwa ba su dawo ba.

Fasali na huɗu, cikin jawabin mas'ala

To ga jawabi, ya kai mai tambaya. Natsuwa iri biyu ce. Akwai natsuwar jiki, ita ce kwanciyar bugun zuciya da sakin jijiyoyi, sababinta numfashi ne da barci da ƙoshi da lafiya. Akwai natsuwar zuciya, ita ce yarda da hukuncin Allah da kuɓuta daga haƙƙin bayinsa, sababinta tuba ne da ambato da mayar da abin da aka zalunta. Ta farko ni'ima ce, a gode wa Allah a kanta. Ta biyu ita ce abin nema.

Dalilin da ya nuna ba ɗaya suke ba shi ne, ta farko ba ta zaɓen mai ita. A shekara ta 2001 wani likita na ƙasar Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa suka auna mutane suna karanta addu'ar carbin Kiristoci da harshen Latin, suka kuma auna su suna maimaita kalmomin masu yoga na ƙasar Hindu. Suka tarar duka biyun suna mayar da numfashi kamar sau 6 a minti, kuma bugun zuciya da motsin jini suna daidaituwa da shi. Jiki ya amsa wa tsawon numfashin, bai tambayi ma'anar kalmomin ba. Maharbi yana kwantar da numfashinsa kafin ya saki kibiya. Ɓarawo yana kwantar da nasa a bayan danga. Ni ma na kwantar da nawa a maƙabarta. Saboda haka kada wanda ya ji sanyi a ƙirjinsa ya riƙe shi hujja cewa yana kan daidai.

In ka ce, to ashe ba shi da wani amfani ga mai neman Allah, sai in ce a'a, amfaninsa babba ne, shi ne yana saya maka lokaci. Yawancin zunuban harshe da hannu ana yin su ne a cikin ɗan taƙin da bai kai numfashi guda ba: saki, da rantsuwa, da zagin iyaye, da marin yaro. Hankali yana nan, ilimi yana nan, amma fushi ya riga su isa ƙofa. Numfashi 3 suna tsare ƙofar har su iso. Abin da za su yi in sun iso kuwa, wannan ya rataya ga abin da ka tara na tsoron Allah tun kafin ranar.

In ka ce, me ya sa ban ji irin wannan daɗi cikin wuridina ba, sai in ce wuridi ba a auna shi da daɗi. Ana auna shi da abin da ya hana ka da abin da ya sa ka. Mai yiwuwa kuma kana karanta shi da gaggawa, kana haki kamar mai tsere, jiki bai sami rabonsa ba balle zuciya. Sassauta, ka ba kowace kalma numfashinta, ka gani.

Tanbihi. Akwai wani ruɗu kishiyar wannan, na faɗa cikinsa ina saurayi. Mutum in ya yi ta numfashi da ƙarfi da sauri, iskar kabon tana raguwa a jininsa fiye da kima, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke, sai ya ji jiri, yatsunsa da leɓunansa su yi tsam, ganinsa ya dushe, wani har ya faɗi. Ni na taɓa jin haka cikin halƙar zikiri na zaci buɗi ne ya zo mini. Ba na musun halayen mutanen Allah, Allah ya tsare ni. Ina cewa dai jiri yana da sababi sananne, yana samun mai zikiri yana samun mai hura wuta. Ma'aunin hali shi ne abin da ya bari bayan ya wuce. In ka tashi ka fi tausayi ga iyalinka, ka fi tsoron cin haƙƙi, to gode Allah. In ka tashi kana ganin ka fi na kusa da kai, to iska ce ta shiga ta fita.

Fasali na biyar, cikin yadda ake yi

Zauna ka miƙe bayanka, ka aza hannu a kan cibiya. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 4, ka bar ciki ya taso ya ture hannunka, kafaɗu kuwa su zauna inda suke, domin naman da ke shimfiɗe tsakanin huhu da ciki shi ne asalin mai jan numfashi. Sa'an nan ka fitar a hankali kana ƙirga 6. Wannan zai ba ka kamar numfashi 6 a minti. Yi haka minti 5 da safe, minti 5 kafin barci. Kada ka cika huhu da ƙarfi, in ka ji jiri ka tsaya. Wanda bai saba da shi cikin kwanciyar hankali ba, ba zai tuna da shi ranar fushi ba.

In abu ya zo maka ba zato, yi abin da jiki ya riga ya sani, watau ajiyar zuciya: shaƙa, ka ƙara 'yar shaƙa a kanta, ka sauke doguwa. Mutum yana yin ta da kansa kamar kowane minti 5 bai sani ba, tana buɗe jakunkunan huhu da suka lotsa. A shekara ta 2023 masu bincike na jami'ar Stanford a Amurka suka ba da labarin mutanen da suka riƙa yin ta da gangan minti 5 kullum har kusan wata guda, aka ga ransu ya ƙara daɗi, numfashinsu ya ƙara kwanciya. Dubi kuma sunan da Hausawa suka ba ta. Ajiya ita ce abin da ka sauke, ita ce kuma abin da aka ba ka amana.

Wanda yake son ya haɗa numfashinsa da ambato, ya tsaya ga abin da shaihinsa ya yi masa izini, kada ya ƙago wa kansa wuridi.

Tanbihi na biyu. Kada jan numfashi ya hana ka zuwa asibiti. Mai hawan jini kada ya bar maganinsa, mai asma kada ya ajiye abin shaƙarsa, balle lokacin hunturu da ƙura. Wanda ya ji nauyi a ƙirji yana sauka hannu ko haɓa, ko tari ya wuce mako 2, ko baƙin ciki ya hana shi ci da barci ya daɗe, ya nemi likita. Kuma iyaye su koyi ƙirga numfashin yaro mai tari ko zazzaɓi, minti guda cur yana kwance shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: jariri ƙasa da wata 2, sau 60, daga wata 2 zuwa shekara 1, sau 50, daga shekara 1 zuwa 5, sau 40. In ya kai haka ko ya wuce, alamar ciwon huhu ce, a kai shi a ranar. Wannan ma tsaron numfashi ne, kuma za a tambaye mu a kansa.

Cikawa

Ya kai ɗan'uwana mai tambaya, ci gaba da abin da likita ya umarce ka, ka gode wa Allah da ya sanya sauƙi a kusa haka. Kada ka bar wuridinka. In ka sauke numfashi zuciyarka ta kwanta, kada ka tashi nan da nan. Tambayi kanka a cikin wannan kwanciya: wa nake gaba da shi, wa ke bi na bashi, wa na ɓata wa rai jiya? In suna ya faɗo maka, sa takalmi ka tafi tun kana da numfashin yin sallama, domin adadinsu rubutacce ne, kuma ba a gaya wa kowa nawa ya rage masa ba.

Allah ya gafarta mini abin da na yi kuskure a ciki, shi ne mafi sani. Allah ya sa numfashinmu na ƙarshe ya fita da kalmar shahada, mu da iyayenmu da malamanmu da dukkan Musulmi. Wanda ya karanta ya sa marubucin cikin addu'a, da ƙanensa. Ya cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Amin.